Hannun Ne Ko Rimot Ɗin

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, ya buɗa maka a wurin aiki, ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan lafiya muke, sai godiya. Goggo ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma zagayen maƙwabta tana gyara musu tarbiyyar yara ba tare da an gayyace ta ba, ka san in ta kai nan to ta warke. Babbar 'yarka tana ɗakinta lafiya, cikin ya tsufa, sai addu'ar Allah ya sauke ta lafiya. Ƙanenta ya koma makaranta, ya bar mu mu biyu a gida ni da baban yara, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannu. Dalilin kai ne. Duk sanda na kira ka kan rimot ɗin ƙaramin jirgin saman wasan nan da ka aiko masa, kafin in kai tsakiyar magana ka katse ni ka ce in duba batir. Auta, na duba batir. Na canza batir, na goge bakinsa, na matse 'yan ƙarafunan da yake zama a kansu, har mai shagon da nake saye ya fara tambayata ko sarinsu nake yi. Ita takarda ba za ka iya katse ta ba, don haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, domin abin ya wuce wasan manya da ka ɗauke shi.

Kai ba ka nan lokacin da ciwon ya same shi, labari kawai ka ji, kuma ji ba gani ba ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kafinta, wanda in ya shafa katako da tafin hannu zai gaya maka inda ya karkace, ya wayi gari hannunsa na dama ya shanye, cokali ma sai na riƙe masa. Ƙafar ta dawo da wuri, magana ta dawo, amma hannun ya yi ta ja mana rai. Likitar da ke koya masa motsa jiki ita ta ce a nemo masa abin da zai riƙa sarrafa yatsunsa da shi yana jin daɗi, don matsa ƙwallon roba ya ishe shi har ya jefa ta bayan kabad. Sai Allah ya haɗa shi da wani tsohon abokinsa da suke kira Dogo, wanda tun da ya ajiye aiki yake zuwa filin bayan tsohuwar masana'anta tare da wasu dattawa suna tashin ƙananan jirage. Baban yara ya raka shi sau ɗaya, ya dawo ya ce in share masa rabin dogon teburin da nake ɗinki a kai. Da farin soso irin wanda ake tallabe firji da shi a kwali, da siraran katakai da gam, ya haɗa jirginsa na farko da hannun hagu, na daman yana danne masa. Sai ga rimot ɗinka ya iso. Ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba a kan wannan, don wallahi ranar da ya ɗora babban yatsansa a kan 'yar sandar nan ya ga wutsiyar jirgi ta motsa, na ga fuskar da na daɗe ban gani ba. Watanni ya yi yana koyo a hannun Dogo, yatsan yana ƙara ƙwari, har likitar ta ce ko me muke yi kada mu daina.

Ana cikin haka abin ya fara. Wata ranar hutu da hantsi ina zaune a gefen fili a kan kujerar da nake zuwa da ita, jirgin ya yi nisa zai juyo, sai na ga ya ci gaba da karkata kamar wanda aka kira bai ji ba. Ɗan lokaci ne, bai fi ƙiftawar ido da buɗewa ba, ya dawo hayyacinsa. Baban yara ya sauko da shi, amma a hanyar gida na lura yana ta murza babban yatsansa da hannun hagu. Bayan 'yan kwanaki jirgin ya sake yi, wannan karon yana ƙasa-ƙasa, ya tafi ya daki katangar masana'antar, hancinsa ya rugurguje, fiffike ɗaya ya karye. Dogo ya ce a cikin jirgin akwai ɗan akwatin da ke karɓar umarnin rimot, yana da 'yar fitila da ke nuna ko sigina ya taɓa yankewa, amma da muka isa batirin jirgin ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, fitilar a mace, babu shaidar komai. Baban yara ya tsaya a kan tarkacen ya ce ba sai an wahalar da kai ba, shi ya san abin da ya faru, yatsansa ne ya sage. Ya ce a ransa ya tura sandar, amma ba zai iya rantsewa cewa yatsan ya bi umarni ba, kuma haka ciwon ya fara masa wancan karon, ya miƙa hannu zai ɗauki guduma hannun ya ƙi zuwa.

Auta, daga ranar gidan nan ya canza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na kai shi asibiti, suka duba shi ciki da waje suka ce babu sabon abu, ya ce ai wancan karon ma sai da ya faɗi suka gani. Ya daina motsa jikin da aka ba shi, ya ce wahalar banza ce. Kofin shayi ya koma ɗauka da hagu, na daman kuma ya riƙa ɓoye shi a aljihu kamar abin kunya. In na yi magana ya ce in bar shi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni kuwa zuciyata ta ƙi yarda, don a idona mutumin nan yake ɓalle maɓallin rigarsa da wannan yatsan kowace safiya. Shi ya sa na ɗaura ɗamarar sai na kama rimot ɗin nan da laifi, ni da ban san komai a kansa ba sai nauyinsa.

Ba zan iya lissafa maka duk abin da muka gwada ni da Dogo ba, amma ka ji kaɗan don ka san ba zama muka yi ba. Bayan batir ɗin naka, Dogo ya ce wataƙila baban yara yana nuna jirgin da tsinin eriya ne, wai ta tsininta sigina ya fi rauni, aka lanƙwasa ta gefe. Ya ce wataƙila batirin jirgin ne ke tare 'yan siraran wayoyin akwatin karɓar umarni, baban yara ya gyara jirgin yana ƙunƙuni, muka fito da wayoyin waje muka manne da salatif. Dogo ya ciro akwatin daga nasa jirgin ya sa a namu. Wani daga cikin dattawan ya ce dogon ƙarfen kamfanin waya da ke bayan fili ne, wani ya ce mai waldan da ke bakin titi ne, duk sanda ya kunna injinsa sai iska ta rikice, har na je na tsaya a ƙofar shagon mutumin ina kallonsa yana walda, Dogo yana can yana juya jirgi a sama, bawan Allah ya ɗaga gilashinsa ya tambaye ni ko ƙofa nake so a yi mini. Abin haushin shi ne, a hannun Dogo rimot ɗin nan lafiyarsa lau. Ya tashi jirgi da shi har ya gaji, ko gezau. Na kai rimot ɗin wa mai gyaran waya na kusa da mu, ya sa mitarsa ya auna, ya ce shi bai ga ciwo ba, kuma abin da ba ya ciwo a gabansa ba ya iya yi masa magani. Duk gwajin da ya fito lafiya, ni baƙin ciki yake ƙara mini, don baban yara sai ya kalle ni ya gyaɗa kai, wato ka ji, na gaya miki.

Daga baya Dogo ya tuno wata dabara da ya ce tun farko ya kamata a yi. Ya saita akwatin cikin jirgin yadda in sigina ya yanke, injin zai mutu nan take, wutsiya kuma ta koma tsakiya. Ya ce yanzu in abin ya sake faruwa kunne ma zai ba da shaida: in farfela ta yi shiru to rimot ne, in tana kuka to sai a yi wata maganar. Da ƙyar muka lallashi baban yara ya karɓi rimot. Kamar abin yana jinmu, ya yi lif, aka yi ta tashi ana sauka lafiya har muka fara sakin jiki. Ranar da ya tashi yi kuma, sai ya zaɓi daidai lokacin da baban yara ya riga ya kashe injin da kansa zai sauka. Jirgin ya kauce ya faɗa cikin ƙaya, babu wanda zai ce ga abin da ya ji, batirin ma ya sake ficewa. Na zauna a kujerata na rasa kuka zan yi ko dariya. Shi kuwa ya rataya wa Dogo rimot ɗin a wuya ya ce ya bar masa, ya juya ya kama hanyar gida.

Ban haƙura ba. Na karɓo rimot ɗin, na sa Dogo ya koya mini yadda ake rage masa ƙarfi don gwajin nisa a ƙasa. Ya cire farfela ya riƙe jirgin a can ƙarshen fili, ni ina nan ina kaɗa sandar dama da hagu, shi yana ɗaga hannu muddin wutsiya tana motsi. Rana ta dake ni, hannuna ya gaji, na sauke rimot ɗin da ƙarfi a cinyata don haushi ina ci gaba da kaɗawa, sai na ga Dogo ya sauke hannu yana ihu. Wutsiyar ta tsaya cak, fitilar ta koma ja, sannan ta dawo. A hannuna, Auta, ni da ban taɓa ciwon hannu ba. Kusan da gudu na iso gida, mayafina a kafaɗa, na gaya wa baban yara. Ka san abin da mutumin nan ya ce? Ya ce ya gode da ƙoƙarinmu, amma shi ba yaro ba ne da za a haɗa baki a rarrashe shi, ya san ni, ya san Dogo, kuma tausayi ya fi ciwon ci masa rai. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga masa murya irin ta ranar ba. Na ce masa ni ba maƙaryaciya ba ce, in yana son ya zauna ya jira ciwon da bai zo ba to ya jira shi kaɗai. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu, ɗinkin mutane ya taru mini, wata mai biki ta zo ta wanke ni tas a ƙofar gida, kuma gaskiyarta ce.

Ashe maganar ta shige shi. Wata safiya na shigo ɗakin aiki na tarar ya ɗora jirgin a nasa gefen teburin, babu farfela, ya kunna komai, ya ɗaure sandar rimot gefe guda da 'yar roba yadda wutsiya za ta tsaya a karkace, ya ja kujera baya ya naɗe hannuwa yana kallo. Wato yana so ya gani da idonsa ba tare da hannun kowa a kai ba. Ya daɗe a haka, wutsiyar ba ta motsa ba, ni kuma ga aiki yana jirana, na zauna a nawa gefen na taka keken ɗinki. Ka san keken nan nawa, in ya ɗauki gudu duk teburin rawa yake, almakashi ma tafiya yake yi da kansa. Ban kai ƙarshen layin ba na ji ya ce in tsaya. Na tsaya. Ya ce in sake takawa. Na taka, sai ga wutsiya ta yi fit ta koma tsakiya, fitila ta yi ja, ta dawo kore. Ya ɗauke jirgin ya ajiye a ƙasa ya bar rimot a tebur, na taka, ta sake yi. Ya mayar da jirgin tebur ya ɗora rimot a kan matashi a ƙasa, na taka har zare ya tsinke, ba ta yi ba. Haka muka yi ta yi, na lalata hannun rigar mutane da ɗinkin da ba shi da kan gado, shi yana ba da umarni kamar yana shagonsa. Daga ƙarshe ya ce in miƙo masa ƙaramin sukundireba. Da hannun dama ya karɓa.

Na tuna ka ce kada a kuskura a buɗe rimot ɗin, to mun buɗe, ka yi haƙuri ko kada ka yi. A ciki akwai wani ɗan faranti da wayar eriya ke fita daga jikinsa, da wasu siraran wayoyi da suka zo suka manne a gefensa. A ido duk lafiya suke. Ya ce in ɗauko allura in taɓa su ɗaya bayan ɗaya, don idona ya fi nasa. Ina taɓa wata ja, sai ta ɗaga daga mazauninta ta koma, dalmar da ta riƙe ta ta tsage, zaune kawai take a kai kamar baƙon da bai yi niyyar kwana ba. Muka koma wa mai gyaran waya, wannan karon da ciwon a tafin hannu, ya narka dalma ya kama ta, ya bi sauran ma ya ƙara musu. Muka dawo na taka keke har maƙwabciya ta leƙo, wutsiya ba ta ko girgiza ba.

Kana zaton shi ke nan? Ina ɗaure bayan rimot ɗin sai ya ce ai yanzu ya gane dalilin da ya sa a hannun Dogo ba ya yi, sai a nasa. Hannunsa yana ɗan rawa in ya gaji, rawar ce take girgiza wayar, don haka dai hannun yana da nasa kason. Auta, na ji kamar in kwaɗa masa rimot ɗin. Na ce masa keken ɗinkina ma rawa yake, shi ma shanyewar jiki gare shi? Lafiyayyen rimot ai ko a bayan babur aka ɗaure shi bai kamata ya yanke ba. Kuma kai ma ba ka tsira ba, don sai da mai gyaran ya nuna mana cewa an taɓa buɗe shi a da, kan ƙusoshin duk ya cinye. Ban ce ka san da haka ba, kuma kyauta ba a raina ta, amma da ka gaya mana na hannu ne, da tun farko mun zarge shi maimakon mutumin nan ya yi makonni yana zargin jikinsa.

Ranar hutun da ta wuce muka koma fili. Baban yara ya tashi jirgin yana ta zagaye kusa-kusa, ƙasa-ƙasa, kamar mai tallan da ba ya son nisa da gida, har Dogo ya ce masa in kaza yake so ya kiwata ya faɗa a nemo masa. Sai na ga ya gyara tsayuwa ya tura shi sama. Ya yi nisa har ya zama ɗan ɗigo, ya kai daidai wurin da ya saba yin taurin kunne, ni na sunkuyar da kai ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Na ji dattawan suna tafi, na ɗago, ga shi ya juyo yana dawowa. Wajen sauka kuma ya zo da gudu fiye da kima, jirgin ya dungura, hancin ya sake fashewa. Na kalli fuskarsa. Dariya yake yi. Ya ce wannan kam babu ruwan rimot, babu ruwan ciwo, shi ne ya yi gaggawa, ya ji yatsansa sarai lokacin da ya yi kuskuren, kuma a bar masa abinsa kada wanda ya raba shi da shi. Ya ɗauki jirgin ya saƙale a hammata, muka taho yana gaya mini irin katakon da zai sa a hancin wannan karon.

Duk da haka hankalina bai gama kwanciya ba, shi ya sa nake son ka amsa mini a rubuce, dalla-dalla, yadda zan karanta masa. Ciwon na'ura da yake zuwa ya tafi, ta yaya ake tabbatar ya tafi ke nan? Akwai wani gwajin da ya fi na keken ɗinki, ko mu ci gaba da shi duk sanda za a fita? Ita eriyar ma na ga tana ɗan lilo a gindinta, a canza ta ko a bar ta? Kuma in kana ganin rimot ɗin ba abin amincewa ba ne, ka faɗa mini gaskiya mu nemi wani, domin jirgi in ya faɗi soso ne da gam, amma in ya sake yankewa sau ɗaya ban san ko zan iya sake fito da mutumin nan daga inda ya shiga ba. Ka kira shi kuma, ba ni ba. Maganar namiji ɗan'uwansa da ya san kan wayoyi za ta zauna masa fiye da tawa, ko da abu ɗaya muka faɗa.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce mata ina nan ina ɗinka mata abin da na yi alkawari, jirgi ne ya tsayar da ni. Ka shafa mini kan tagwaye, ka gaida Kawu in kun haɗu, ka ce masa shirun ya yi yawa. Goggo tana gaishe ku, ta ce ka rage zama a gaban na'ura. Babbar 'yarka da mijinta suna gaisuwa, Dogo ma ya ce a gaishe ka duk da bai san ka ba. Baban yara yana nan gefena yana fiƙe katako, ya ce in gaya maka ya gode, kuma in ka zo gida shi zai koya maka tuƙi.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka.